Yatsu Huɗu a Jikin Kofi

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake gudowa idan rana ta take tsaka, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi. Zuwa ga mai hoton da ya ɗauke ni sau ɗaya tak ya tafi da zuciyar gaba ɗaya. Zuwa ga masoyina, i, masoyina, ko da yake cikin fushi nake rubuta kalmar.

Ina gaishe ka, domin an yi mini tarbiyya, kuma domin bakina bai koyi daina gaishe ka ba. Amma kada ka gyara zama a kan kujerar nan taka mai juyawa kana murmushi kamar yadda ka saba in ka ga rubutuna. Wannan wasiƙar ba irin waɗancan ba ce. Ka ajiye shayin nan. In za ka iya, a tsaye ka karanta.

Akwai wani ruɗani da nake warware wa ɗalibaina kusan kowane zango, ban taɓa zaton wata rana zan zaunar da babba mai gemu in warware masa ba. Mutane da yawa sun ɗauka idan aka ce wa mutum, "Kai dai ba kamar mutanenku ba ne," to yabonsa aka yi. Yarinya za ta shigo ɗan ofishina na ba da shawara tana rufe fuska da littafi don daɗi, wai wani yaro ya ce mata ita kaɗai ce mai hankali a duk jinsinsu. Sai in tura mata kujera, in tambaye ta: to mahaifiyarki fa? Yayarki da ke yi miki kitso fa? A wane layi ya ajiye su? Sai ka ga murmushin yana janyewa kamar ruwa a cikin yashi. Mutumin da ya tsinki fure ya soka a aljihun gaba, sannan ya juya ya tofa wa bishiyar yawu, wace irin ƙauna yake wa furen? Kuma furen da aka raba da bishiya, ina zai kai a aljihu?

Abin da ka yi mini ke nan, ya sanyin idona. A shagonka, da bakinka, kana fara'a kamar ka miƙo mini kyauta.

Bari in tuna maka ko kai wane ne, tun da na ga alamar ka manta.

Ranar da ka fara zuwa makarantarmu ɗaukar hotunan katin ɗalibai, ni aka ɗora wa tsare layi. Masu hoton da suka gabace ka fitila ɗaya suke kafawa, su saita ta sau ɗaya, su yi ta latsawa kamar masu buga hatimi. In hotuna suka fito, yara masu duhun fata irina sai idanu da haƙora, masu haske irinka kuma kamar an wanke su an manta da su a shanya. Mun saba, har mun ɗauka haka hoto yake. Sai ga ka da farar lemarka da fitilu biyu. Kowane yaro ya zauna sai ka tashi ka matsar da wannan, ka rage waccan, ka ɗan karkata masa haɓa, ka ce "kar ka motsa," har yaran suka laƙaba maka sunan da ya bi ka har yau. Layi ya kai bakin famfo, an kaɗa ƙararrawar tashi, ni kuma na iso a fusace na ce maka, malam, ɗalibai ne fa, ba amare ba. Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "Malama, babu fuska biyu da ke shan haske iri ɗaya. In na yi musu kuɗin goro, ƙarya zan wanko."

Wayyo ni! Ka san abin da maganar nan ta yi mini? Ni da na share shekaru ina neman yadda zan faɗa wa yara wannan gaskiyar, sai ga wani baƙo da igiyar kyamara a wuya ya faɗe ta yana gyaran fitila. Ji na yi kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Da layi ya ƙare ka ce in zauna, malama ma ai tana da kati. Na zauna ina harararka. Ka daɗe kana juya lemar nan, har na ce ko sai na tsufa a kan bencin. Da hoton ya fito, karon farko ke nan da na ga kaina a takarda: ga launina yadda Allah ya yi shi, mai zurfi kamar ƙasar da ta sha ruwa, ga ɗan tabon da ke girata tun faɗuwar keke, ga hararar ma ba ka ɓoye ba. A ranar na ce wa zuciyata, ga mutumin da ke kallon mutum. Ga wanda ba ya ganin garke, rai ɗaya ɗaya yake gani. Na bi ka kamar yadda tsiro ke bin rana ta kafar bango, ban waiwaya ba.

Kuma kada ka ɗauka a banza na same ka. Ka san abin da na sha a gidanmu? Goggona ta zaunar da ni ta ce mutanenku ba sa dariya sai da junansu, in baƙi suka zo a kicin za a ɓoye ni, 'ya'yana kuma za su tashi ba su san ko su na wane ɓangare ba ne. Yayana ya ce, ai irinku hoto kawai za ka ɗauke ni ka rataye a bango, ka je ka auri 'yar kawunka. Sai na yi wa Goggo tambayar da ta sa ɗalibai ke kirana Malama Wa-da-wa. Na ce, Goggo, su wa? Wa da wa kika sani a cikinsu? Ta yi ta juya zoben hannunta, daga ƙarshe mutum ɗaya ta iya kawowa: wani mai kantin ƙarfe da ta taɓa gaisarwa bai amsa ba. Bawan Allah nan kuwa duk layin sun san kurma ne! Har Baba sai da ya yi dariya ya ƙware. Da ka zo ka gyara mata tsohon hoton marigayi mijinta da ruwa ya ci, ta rungume firam ɗin tana kuka, yanzu ba ta da zance sai "ina surukina mai lema?" Na tsaya maka a gaban jinina. Na ce kada wanda ya sake ce maka "su" a gabana. Ashe ni ce zan sha kunya!

To mu zo kan abin da ka aikata, domin ba zan bar ka ka kira shi kuskuren aiki ba.

Ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta ciwo kofi a gasar makarantu. Yara huɗu ne. A cikinsu akwai ƙanwarka Auta, wadda kake riƙo tun rasuwar mahaifinku, da yaron nan mai tabarau da ake kira Injiniya saboda shi ke gyara fankar ajinsu duk sa'ad da ta tsaya. Injiniya ɗan mutanena ne, launinsa launina. Shi ya amsa tambayar ƙarshe, wadda ta raba gardama, alhali abokan karawarsu suna ta cizon biro. Shugaban makaranta ya kira ka ka ɗauki hoton da za a rataye a barandar ofishinsa. Ina wurin. Yara biyu a hagu, sai Auta, sai kofin, sai Injiniya a ƙarshe. Ita ta riƙe kunne ɗaya na kofin, shi ya riƙe ɗayan. Na ga sa'ad da ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa ta fashe da dariya. Na kuma ga fuskarka ta canza a bayan kyamara kamar hadari ya taso. Ko "kar ka motsa" ba ka ce ba a ranar. Latsawa kawai ka yi.

Da aka kawo hoton a firam ɗinsa mai ruwan zinare, yara uku ne a ciki. Ka datse shi daidai gefen kofin. Kofin ba ya yankuwa, tun da dominsa aka yi hoton, don haka ka bar shi, ka bar abin da ke jikinsa: yatsu huɗu baƙaƙe, riƙe da kunnen kofi, ba hannu, ba kafaɗa, ba mutum. Kai! Kai da ke lura da silin gashi ɗaya in ya kauce, ba ka ga yatsun ba? Ko ka gani ka ce ai sun ishe shi?

Ka ce wa shugaban makaranta haske ne ya ɓata gefen. Shi kuwa mutum ne mai yarda da gwanaye, ya sa masinja ya buga ƙusa.

Ka san me ke faruwa idan aka rataye irin wannan a barandar da yara ke bi safe da rana? Kafin a tashi an ce kofin ya tsiro da hannu. An ce aljani ne ya ci mana gasa. Wani shaƙiyyi a ajinsu ya rinƙa ɗaga yatsu huɗu duk sa'ad da yaron ya wuce, har sunan Injiniya ya faɗi, aka koma kiransa Yatsu. Wannan duk da sauƙi, yara ne, gobe za su sami wani abin. Wanda ba shi da sauƙi shi ne ranar da mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, ta sauko daga aiki ta biya gida ta ɗauko kakarsa, tsohuwar ta sa tufafinta na fita, suka zo ganin hoton jikanta a bangon makaranta. Ina tsaye a ƙofar ofishina. Tsohuwar ta matsa har hancinta na taɓa gilashin, ta bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta juyo ta ce, "Ɗan nan, idona ne ko ba ka ciki?" Sai yaron ya gyara tabarau, ya ɗora yatsansa a kan kunnen kofin, ya ce, "Kaka, ga ni nan."

Ya ƙaunataccena, ya wanda nake mafarkin tsufa kusa da shi: da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. Uwar ta juyo gare ni. Kallona kawai ta yi, domin duk makarantar an san wanda zan aura.

Na zo shagonka da rana tsaka ban ko cire alli daga hannuna ba. Ban ma yi tambaya ba, hoton yana nan a kwamfutarka cikakke, gefen dama garau, haske ya zauna a fuskar yaron kamar wata a kan ruwa, domin hannunka ya fi zuciyarka gaskiya, ko cikin fushi bai iya ɗaukar mummunan hoto ba. Na nuna maka. Ka ja numfashi ka ce ba za ka rataye ƙanwarka a bango kafaɗa da kafaɗa da irin waɗannan ba. Ka ce, "Kin san halin samarinsu. Baki kamar zuma, zuciya kamar wuta. Su ruɗi yarinya, su ɓata mata karatu, su kama gabansu." Na ce maka, samarin su wa? Sai ka tuna da wadda kake magana, ka yi murmushin nan da ke narkar da ni, ka ce, "Haba, ke ai daban ce. Ke kamar ba a cikinsu kika fito ba."

A cikinsu na fito! A cikinsu na fito, kamar yadda kogi ke fitowa daga dutse, kuma duk ruwan da ka sha ka ce ya yi daɗi daga can ya gangaro. Haƙurin da kake yabo, na mahaifiyata ne. Dariyar da ka ce tana tashe ka daga gajiya, ta yayana ce, wanda shi ma ya taɓa zama saurayin "su" mai shekara goma sha bakwai, yanzu kuma shi ke goya 'yarsa ya kai ta makaranta kullum. Baba, da ka durƙusa ka gaisar har ya ce ka fi 'ya'yansa ladabi, a wane layi ka sa shi? Baki zuma, zuciya wuta? Mutumin da har yau shi ke yanke wa mahaifiyata farce saboda idonta ya yi rauni? Ashe duk zaman da kake yi a falonmu kana shan ruwanmu, datsa kake yi a zuci, kana cire wannan kana cire wancan, kana barin ni kaɗai a firam?

Yanzu ka tsaya, Kar-ka-motsa, ni ma in yi maka aikina. Wa da wa?

Na san amsar, domin kai ka ba ni labarin. Mutum ɗaya ne: wanda ya auri 'yar goggonka, ya tafi ya bar ta da goyo. Mugu ne, ban musa ba, Allah ya saka mata. Amma mutum ɗaya ne, yana da suna, yana da fuska, kuma Injiniya ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin. Kawunka fa, wanda ya bar matarsa da yara uku ya koma wani gari? Launinka ne, harshenka ne, hancinku ma iri ɗaya. Na taɓa ce maka na san halin mazanku? In naku ya yi laifi, sunansa wane. In namu ya yi, sunansa "su". Wannan wane irin awo ne, kai da ke auna haske da na'ura don kada ka zalunci fuska?

Kada kuma ka fake da cewa ƙanwarka kake karewa, domin a nan ka shigo gonata. Da ka zo ka ce mini, Auta yarinya ce, shekararta goma sha shida, jarrabawa na gabanta, ba na son zancen samari yanzu ko da ɗan wane ne, wallahi da ni zan fara tsaya maka. Kai ba ka sani ba, tun kafin gasar na kira su biyun na zaunar. Me ke tsakaninsu? Yana raka ta tashar bas ya tsaya nesa kamar mai gadi. Ya ba ta aron kalkuletarsa ya rinƙa lissafi da hannu. Tana dariyar barkwancinsa, wanda ni ban taɓa jin mai sanyi irinsa ba. Shi ke nan. Na faɗa musu zuciya takan fara motsi a shekarun nan, ba abin kunya ba ne, amma littafi ne gaba, kuma akwai iyaka, kuma duk abin da ba za su iya yi a gaban yayanta da mahaifiyarsa ba to kada su fara. Yaron ya sunkuyar da kai har tabaransa na zamewa, ya ce, "Malama, ni fa so nake yayanta ya ga sakamakona tukuna." Yayanta! Kai yake son burgewa, kai da ka mai da shi yatsu.

Kullum da irin wannan nake kokawa. Wannan ya ce 'yan matan su wane girman kai gare su. Waccan ta ce samarin su wane ba sa riƙe alkawari. Wani ma da sunan yabo yake zuwa, wai yana son 'yan jinsi kaza saboda su ba su da hayaniya, ko su ne masu gashi, kamar mai zaɓen tantabaru a keji. Ba daga sama suke tsinto shi ba. Daga bakin manya suke kwasowa, a mota, a falo, a shago, su zo su juye wa junansu a bayan aji, har yarinya ta koma gida tana duba madubi tana tambayar me ke damun launinta. Ni kuma in bi su ɗaya ɗaya da wa-da-wa, kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafa. Ashe ƙayar a shagon masoyina ake shuka ta!

Ka duba abin da ka girba. Injiniya ya bar ƙungiyar kimiyya. Fankar ajinsu ta tsaya, yana zaune a ƙarƙashinta yana gumi, bai ko ɗaga kai ba. Auta kuma ka ce ta daina yi maka magana a gida sai gaisuwa, kana cewa rashin kunyar zamani ce. Ba rashin kunya ba ce. Ta zo ofishina ta zauna tana murɗa gefen littafinta. Can ta ɗago ta ce, "Anti, ke ma in kin ɓata masa rai, haka zai tuna ke 'yar su wa ce?"



Tambayar ta bi ni gida, ta haifi wata. In Allah ya ba mu ɗa, ya masoyi, ba zai fito da launinka zalla ba. Wataƙila ya ɗebo ni, ya yi duhu kamar yayana. Wata rana zai kai shekara goma sha bakwai, ya tsaya kusa da ƙanwar wani, ya faɗi barkwanci mara daɗi ta yi dariya. In yayan yarinyar ya datse shi daga hoto ya ce ya san halinsu, me za ka ce masa? Ko kai ma a ranar da ya ɓata maka rai za ka dube shi ka ce jinin uwarsa ne ya motsa? Wane ɓangare na ɗanmu za ka bari a firam?

Saboda haka na ce wa Baba a dakata da zancen zuwan manyanka. Ya tambaye ni dalili, na ce akwai hoton da bai gama wankuwa ba. Goggo tana ta tambayar ina surukinta mai lema, ni kuma ina kauda kai, domin in na faɗa mata za ta ce ai dama ta faɗa, halinsu ne, kuma a wannan karon da wane baki zan ce mata wa da wa? Ka ga inda ka jefa ni? Ka ba duk mai kuɗin goro a gidanmu makami, ka bar ni tsakiya hannu wofi.

Amma kash! Zuciya ba ta jin magana. Ina fushi da kai kamar yadda teku ke fushi da gaɓa, ta yi ta dukanta kuma ba ta da inda za ta sai wurinta. In na bi ta layinku na hango farar lemar nan ta gilashin shago, ƙafata sai ta rage sauri da kanta, in yi mata tsawa. Hoton da ka ɗauke ni yana nan a jakata, na ciro shi don in yaga, sai tabon girar nan ya dube ni, na mayar. Ina kewarka kamar yadda shuka ke kewar raɓa. Ina kewar yadda kake karkata kai in kana sauraro, da warin sinadarin da ke hannun rigarka, da yadda kake cewa "saura kaɗan" alhali saura da yawa. Me ya sa ka zama mai kyau haka, sannan ka yi abu mai muni haka? Wa ya ba ka izinin zama mutum biyu a zuciya ɗaya?

Ba na son furanni. Ba na son ka zo ƙofar makaranta ka tsaya da fuskar tausayi. Kada ka ce mini ka tuba domin kana sona, wannan ma wata datsar ce. Ba ni ka yanka ba.

Ga abin da nake roƙonka, kuma shi nake sa yara su gwada, ban taɓa ganin wanda ya gwada da gaske ya tashi yadda ya zauna ba. Mako mai zuwa za a ɗauki 'yan ajin ƙarshe hoton jarrabawa, kuma kai ne mai hoton makaranta. Injiniya zai zo layi, ba shi da zaɓi. Zai zauna a kan bencinka, zai ƙi kallonka. To ka yi masa abin da ka yi wa kowa a ranar da na fara ganinka. Tabaransa za su dawo maka da haske, dole ka tashi ka karkata fitila. Fatarsa za ta sha haske fiye da ta wanda ya gabace shi, dole ka matso da lema. Ka ɗaga masa haɓa da hannunka. Ka leƙa ta cikin kyamarar nan, ka daɗe, ka nemo mini "su" a fuskar. Ka nemo zumar da wutar. In ka same su, ka wanko ka kawo mini, ni da kaina zan ba ka haƙuri a gaban Auta. In kuwa abin da ka gani yaro ne ɗaya, mai ƙurajen ƙuruciya a goshi da tabon ƙunar waya a babban yatsa, wanda ke son ka ga sakamakonsa, to ka tambaye shi mece ce tambayar ƙarshe a gasar, ka tsaya ka ji amsar ko ba ka gane ba.

Sannan ka wanke hoton nan cikakke. Kada ka aiko masinja. Kai za ka zo da shi, lokacin da aka fito hutun rabin rana baranda ta cika, ka sauke na yatsu huɗu, ka rataye na mutum huɗu, kowa yana kallo. Ka ƙara ɗaya babba, domin akwai tsohuwar da idonta ba ya ganin ƙanana.

Ni kuwa ina nan. Ban ba kowa wurinka ba, ba kuma zan bayar ba, ko da gashina zai yi fari a kan kujerar ofishin nan. Amanarka tana wurina kamar iri a cikin ƙasa, ba ta ruɓe ba, ruwa take jira. Ranar da na fito na ga fuskar yaron nan a bango, a ranar zan ce wa Baba hoton ya wanku, in ce wa Goggo ta share falo. Amma ka sani tun yanzu, in za ka ɗauke ni, da uwata za ka ɗauka, da ubana, da yayana, da launina, da yaro mai tabarau da kakarsa. Ka ja baya da kyamararka har sai duk mun shiga.

Ka gwada, hasken idona. Ka gwada ka gani.

Taka har ƙarshen numfashi, ba yatsunta kaɗai ba, dukkanta,

Malama Wa-da-wa